In bawul ya karye a daji

Ka tambaye ni yadda ake yi in bawul ɗin taya tubles ya karye a daji, nesa da mai faci. Yaran yanzu ke nan, kullum ido a waya, amma ba wanda ya taɓa duba ramin bawul da ke jikin rim ya san faɗinsa. Iri biyu za ka fi gani: mai milimita 11.3, shi ke ɗaukar bawul mai lamba TR413, da mai 15.7, na TR415. Motar daji kuwa gajere nake sa mata, TR412, don dogon ne saiwa da dutse ke kamawa su tsinke. Bawul na roba kada ka ɗora masa iskar da ta wuce psi 65 a geji.

Ɗaga mota da kwance taya ba sai na koya maka ba. Kwantar da ita a ƙasa, ka ɗora gindin jak a gefen tayar dab da rim, kan jak ɗin ya tokare ƙarfen ƙarƙashin mota, ka riƙa ɗagawa har bakin tayar ya saki. Gefen waje kaɗai. Kuma ka matsa nesa da bawul ɗin, don wasu motocin na da na'urar auna iska a maƙale a bayansa, danna ɗaya ta fashe. Sa katako ya riƙe maka bakin, yanke tsohon bawul ɗin da wuƙa, ka zaro guntun. Kada ka bar shi a ciki. Shafa wa sabon ruwan sabulu, turo shi daga ciki, ka ja daga waje har wuyansa ya zauna. In da filaya za ka ja, ɗaura masa murfinsa tukuna, kada ka cinye zaren.

Sabulu na ce, ba baƙin mai ba, ba giris ba. Wani direba ya taɓa kawo taya shagon nan, wai bawul kawai zai canza. Ashe a daji ya karye masa, ya dafke bakin tayar da baƙin mai, ya zuba fetur a ciki ya ƙyasta ashana don ta hau rim. Ta hau kuwa, amma bugun ya tsinka wayar da ke cikin bakin, abin da ido ba ya gani daga waje. Ya goge man tas, ya yi gum. Aka sa masa bawul, aka ba shi iska daidai, ya tafi. Da ya ɗora kaya ya sha kwana, taya ta fice daga rim ta yage. Sai ga shi da mutane, yana rantsuwa wai da liba, ƙarfen cire taya, muka ɓata masa. Da aka juya cikin tayar, ga ƙuna baƙi ƙirin, ga warin fetur bai ko fita ba, amma masu sasanci suka ce a yi haƙuri a biya. Sabuwar taya fil na saya wa maƙaryaci, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Saboda haka in ka buɗe taya, shinshina ta, ka bi bakinta da yatsa kafin ka taɓa komai.

Wajen mayarwa, goge yashi da laka daga bakin taya da na rim, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta sa iska ta riƙa zurarewa. Cire fin ɗin bawul, ɗan ƙarfen nan da ke cikinsa, don iska ta shiga da ƙarfi. In ta ƙi kamawa, zagaye tsakiyar tayar da igiyar ɗaure kaya ka tamke, bakin zai buɗe ya manne; da ta kama ka sassauta igiyar. Janye yatsunka. Za ka ji ta ce fau! In geji ya kai 40 ba ta hau ba, tsaya, sace iskar, ƙara sabulu ka sake. Sannan ka mayar da fin, ka cika, ka zuba ruwan sabulu a gindin bawul kana lanƙwasa shi hagu da dama. In ka ga kumfa na tasowa, bai zauna ba.