Amsa kan kakar Jami'ar Michigan ta 2023

Malam, ka tambaya ko sa'a ce ta ba Jami'ar Michigan kofin ƙwallon Amurka na jami'o'i a kakar 2023. A ganina ba sa'a ba ce, domin ƙungiyar ta buga wasanni 15 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, alhali an dakatar da kocinta Jim Harbaugh a shida daga cikinsu. Ta doke Jami'ar Ohio State da ci 30 da 24 babu shi a bakin fili. Wasan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Rose Bowl, wato wasan kusa da na ƙarshe da ta buga da Jami'ar Alabama, inda aka kai ƙarin lokaci, ɗan wasan Michigan Blake Corum ya kutsa ya ci, sannan masu tsaron baya suka tare Jalen Milroe na Alabama dab da layin ci, aka tashi 27 da 20. A ranar 8 ga Janairun 2024 Michigan ta doke Jami'ar Washington 34 da 13 a wasan ƙarshe a birnin Houston.