Inna tana wurina, waya tana hannuna: wace manhaja ce za ta taimake ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon suga, kuma tun rasuwar Baba a wurina take zaune. Yayyena biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Kano, su ke aiko kuɗin magani. Wani lokaci ina manta sa'ar ba ta magani, in na fita kasuwa kuma ban san ko ta sha ba, ga shi ita ke riƙe mini yara. Ƙanena ya saka mini wata manhaja da ake ɗora yatsa a kan waya ta auna hawan jini. Tana da kyau? Waɗanne manhajoji kike ba ni shawara in saka? Wayata Tecno ce, Inna kuma ba ta yi boko ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Jinyar tsoho aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da aka fasa yi.

Zan fara da manhajar yatsan nan, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a cikin saƙonki. Ki goge ta yau. Gilashin waya ba ya auna hawan jini, fitilar kamara ma ba ta auna shi. A 2016 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun gwada wata shahararriyar manhaja irin wannan, wadda mutane suka saya da kuɗinsu, suka kwatanta ta da awon gaskiya. Kusan mutum 4 cikin 5 da jininsu ya hau, manhajar ce musu ta yi lafiya lau. Haka ma agogunan hannu da zobban da ake tallatawa wai suna auna suga ba tare da huda yatsa ba: a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su dogara da su.

Na ga illar abin da idona. An taɓa kawo mana wani dattijo a likita da hantsi, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Ɗansa yana kuka yana nuna mini waya, yana cewa ai kullum yana auna shi, kullum 12/8 take nunawa, wato awon mai lafiya, shi ya sa suka ajiye magani wata biyu. Na karɓi wayar, na ɗora mata gindin kofin shayi a madadin yatsa. Ta yi ƴan ƙyalƙyalinta, ta ba kofi 12/8. Yaron bai yi sakaci ba, ƙaunar ubansa ce ta sa ya nemi manhajar tun farko. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Abin da za ki roƙi yayyenki shi ne su haɗa kuɗi su sayi na'urar awo ta gaskiya a farmasi, mai ɗamarar da ake naɗawa a damtse. Inna ta zauna ta huta minti 5, bayanta a jingine, hannunta a kan matashi daidai ƙirji, sannan ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Nan ne waya take da amfani: ki ɗauki hoton fuskar na'urar. Hoton zai riƙe miki lamba da rana da sa'a, ba sai kin rubuta komai ba. Ki lura da wani abu da ke rikita mutane da yawa a nan. A likita za ki ji an ce tansiyonta 14/9, na'ura kuma ta nuna 140/90. Abu ɗaya ne. Haka suga: takardar awo ta nan takan rubuta 1,26 da giram, na'urar da aka sayo daga Katsina ko Kano ta nuna 126. Shi ma ɗaya ne. Wasu na'urorin kuma wani ma'auni dabam suke bi, wannan sugar ɗin za su nuna ta 7. Don haka kada a faɗa wa likita lamba da baki kawai, a nuna masa hoton.

To, batun mantuwa. Manhajar da ta fi kowace amfani a nan tana cikin wayarki tun ranar da aka sayo ta: agogo. Ki saita ƙararrawa ga kowane magani, ki sa mata suna, misali "farar ƙwaya, bayan kumallo". Ba ta cin mega, ba ruwanta da rezo. Akwai manhajojin da aka yi musamman don wannan aiki, irin su MyTherapy da Medisafe. Suna tunatarwa, kina danna alamar an sha, suna ajiye tarihin, har suna faɗa miki in ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. In kina karanta Faransanci za ki ji daɗin MyTherapy. Sai dai wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsarin tattalin batir wanda yakan kashe manhajar da ba a buɗe ba, ki zauna kina jiran tuni shiru. In za ki yi amfani da su, ki je wurin mai gyaran waya ya cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa, kuma ki gwada kwana 3 kafin ki yarda da ita. Ni dai, ga mai jinya ɗaya da tsohuwa ɗaya, agogon waya na fi so.

Ita kuwa Inna tana da agogon da ba ya mutuwa, wato salla. Maganin safe a ɗaura shi da kumallo bayan asuba, na dare da tuwon bayan magariba, in likita ya ce hakan ya dace da irin maganinta. Ki tambaye shi wannan kai tsaye, domin akwai magungunan da tazararsu ba ta bin lokutan salla. Kuma ki sayi ɗan akwatin nan na roba mai gida 7, ki cika shi duk Juma'a. In kin dawo kasuwa, kallo ɗaya za ki yi ki san ko gidan yau ya zama fanko. Ƙararrawa tana cewa lokaci ya yi, akwati ne ke shaida an sha.

Wata magana game da maganin suga, kada ƙararrawa ta ruɗe ki. In Inna tana shan irin su glibenclamide ko ana yi mata allurar insulin, shan magani ba tare da cin abinci ba yana iya kayar da sugarta ƙasa ƙwarai. Alamunsa zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado. In tana cikin hayyacinta ki dama mata suga a ruwa ta sha nan take. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a nufi likita. Kafin azumi kuma a koma wurin likita ya sake tsara sa'o'in, kada ki sauya su da kanki.

Yanzu WhatsApp, wanda a ganina shi ne rabin amsar tambayarki. Ki buɗe guruf ƙarami, ke da yayyenki da ƙanenki kawai, ki sa masa suna "Lafiyar Inna". Sharaɗi ɗaya: ba barka da Juma'a, ba bidiyon biki, ba wa'azin da aka turo. Duk ordonas da likita ya rubuta, hoto. Duk kwalin magani, hoto gaba da baya. Takardar awo, hoto. Rasit ɗin farmasi, hoto. In an aiko kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, shaidar ma ta shiga nan. Na sha ganin ƴan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan kuɗin magani, na nesa yana zargin an ci, ta kusa tana haɗiye baƙin ciki alhali har jarinta ta zuba a ciki. Rasit a guruf yana kashe wannan wutar tun ba ta kama ba.

Hoton kwali yana da wani amfanin da ya shafe mu mutanen bakin iyaka. Yayanki na Kano zai iya aiko magani mai suna da Turanci, ke kuma kin sayi naki a nan mai suna da Faransanci, kwali dabam, launi dabam, alhali ƙwayar ɗaya ce. Sai tsohuwa ta riƙa shan ninki biyu, jiri ya kwashe ta a bayan gida. Ki duba ƙananan baƙaƙen da ke ƙarƙashin babban suna, nan ne sunan maganin na ainihi yake, misali amlodipine. In ya zo ɗaya a kwali biyu, ki tsaya ki tambayi mai farmasi. Kuma ki sa ido a kan ƙwayoyin ciwon gwiwa da tsofaffi ke saye a hannun masu tallan magani a tire. Irin su diclofenac suna ɗaga hawan jini, suna taɓa ƙoda, suna cin ciki.

Ranar ganin likita, ki nemi izininsa ki ɗauki bayaninsa da saƙon murya, ki tura guruf. Mai farmasi yakan ja ƴan layuka a jikin kwali, biyu safe ɗaya dare, amma bayan mako guda ba wanda ke tuna wane layi ne na wane lokaci. Muryar likita tana nan, kowa zai iya sake ji. Google Translate ma yana da Hausa tun 2013, kuma kina iya haska takardar cikin kwali da kamara ya juya miki Faransanci zuwa Hausa. Ya isa ki gane kan zance, amma kada ki ɗauki adadin magani daga bakinsa, balle rubutun hannun likita.

Ba ki faɗa mini ko Inna tana da wayarta ba. In ƙarama ce mai maɓalli, ki bar mata abinta, ki saita lamba 2 ta zama taki, ta danne ta kawai kira ya tafi. In babba ce, ki share fuskar wayar tas, ki bar hotuna uku ko huɗu na kira kai tsaye: fuskarki, fuskokin yayyenki. Ki ƙara girman rubutu da ƙarar kira. Ki koya mata abu ɗaya tak, danne alamar makirfo ta yi magana ta saki. Tsofaffinmu da ba su yi boko ba sun fi mu iya saƙon murya in sun saba. Ki zuba mata karatun Alƙur'ani a katin waya don kada ta dogara da intanet. Kiran bidiyo da jikokinta na Yamai ko sau ɗaya a mako kuwa, kada ki ɗauke shi wasa. Wadda ta rasa mijinta kewa na cinta a ɓoye, kuma tsohuwar da ranta ya yi sanyi ta fi karɓar abinci da magani.

Wayoyin Android daga na 12 zuwa sama suna da kiran gaggawa: a danna maɓallin kunnawa sau 5 a jere. Za ki same shi a Paramètres, ƙarƙashin Sécurité et urgence. A nan ma za ki iya rubuta ciwonta da magungunanta da lambarki, yadda ko wayar a kulle take za a gani. Amma a Maraɗi abin da zai fi kai ta likita da wuri shi ne lambar maƙwabci mai mota ko mai adaidaita da kika sani, don haka ki ajiye biyu. Karkacewar baki, sakin hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, ciwon ƙirji: ba a tura saƙo guruf a jira amsa, tafiya ake yi.

Ki ja mata kunne a kan ƴan damfara. Duk wanda ya kira ya ce ta karanto masa lambobi 6 da suka shigo, ko ya ce ta ci kyauta, ko ɗanta ya yi hatsari a turo kuɗi, ta kashe ta kira ki. Ke ma ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri, a WhatsApp ɗinku duka.

Game da yaran da take riƙo, abu biyu. Ki ɗauki hoton karnen rigakafinsu, ki sa ranar komawa a kalandar waya. Da damina kuma, in masu rabon maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro na yara ƴan wata 3 zuwa 59 suka zo, na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku a gida ake bayarwa, kuma su ne aka fi mantawa in uwa ta fita. Ki sa musu ƙararrawa, ki nuna wa Inna ƙwayar da idonta. Magungunanta kuma su hau sama inda hannun yaro bai kai. In tana ba su waya don su yi shiru, YouTube Kids na yara ya fi YouTube ɗin manya, kuma manhajar Family Link za ta ba ki damar ƙayyade musu lokaci daga wayarki.

Na lura a duk saƙonki ba ki ambaci kanki ba, sai mantuwar da kike zargin kanki da ita. Mai dafa abinci, mai kasuwa, mai reno, mai jinya, dole wani abu ya kuɓuce. Ki rubuta a guruf ɗin nan aikin kowa da sunansa. Na Yamai ya riƙa kiran Inna kullum da ƙarfe 8 na dare, ya zauna a kan layi har ta haɗiye maganin dare. Na Kano ya riƙe lissafin ranar da magani zai ƙare, ya aiko kuɗi mako guda kafin nan. Ƙanenki ya ɗauki kai ta awo, kuma shi zai riƙa tabbatar da wayarta na da caji in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ranar da kika je da ita likita, ki miƙa naki damtsen a auna ke ma, tunda hawan jini da suga suna bin jini.