Zauren 'Yan Kasuwa: Suna, Tambari da Mazubin Kaya

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato yadda mai ƙaramar sana'a zai sa wa kayansa suna har a san shi da shi. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Shekara huɗu ina daka yaji ina kai wa masu shago a ƙulle cikin farar leda. Masu saye suna yabawa, amma yanzu wata ta fara kai nata shagunan, ana sayarwa ana cewa nawa ne. Yarana sun ce in sa suna da tambari. Wannan zai ƙara mini ciniki, ko kuwa kashe kuɗi ne kawai? (Wata mai yaji daga Fagge, Kano)

Amsa: Hajiya, yaranki sun ba ki shawara mai kyau. A shekara huɗun nan kin tara yardar mutane, sai dai yardar ba ta da wurin zama, domin farar leda ta kowa ce. Wanda ya ji daɗin yajinki ba shi da abin da zai faɗa wa mai shago in ya dawo, sai dai ya ce "irin na rannan", mai shago kuma ya miƙa masa wanda ke kusa da hannunsa. Ki duba yadda muke cewa omo ga kowane garin sabulu, makilin ga kowane man goge baki, magi ga kowane ɗanɗanon miya. Duk sunayen kayan kamfanoni ne, Omo da Macleans da Maggi, suka zauna a bakin mutane har suka zama sunan abin. Ke ba kya neman kaiwa can. Abin da kike nema shi ne yaro ya iya riƙe sunan daga gida zuwa shago.

Amma kafin ki je wajen mai buga takarda, ki fara da turmi. Suna alkawari ne cewa na yau irin na jiya ne, kuma a nan yawancin masu kayan daka suke faɗuwa. Awon gwangwani da tafin hannu yana sauyawa, barkonon sabon girbi bai yi nauyi ɗaya da wanda ya daɗe a buhu ba. Ki sayi sikelin giram, ki auna kowane haɗi, barkono da citta da kanumfari da masoro da gishiri, ki rubuta a littafi. Ki yi daka uku a ranaku daban da awon nan, ki ba mutum biyar da suka saba da yajinki su ɗanɗana ba tare da kin gaya musu komai ba. In ba su ji bambanci ba, awon ya zauna. In kika sa suna kafin wannan, duk ranar da daka ya ɓaci an san wadda za a zarga, alhali da can farar leda tana rufa miki asiri.

Sai zaɓen sunan. Ya kasance gajere, kalma ɗaya ko biyu, wanda za a faɗa a waya ba sai an maimaita ba. Ki guji irin su "Yajin Kano Mai Daɗi", domin bayani ne kawai na kayan da garin da aka yi shi, kowace mai yaji a Kano tana da ikon faɗin haka, kuma ofishin rajista ba ya saurin mallaka wa mutum ɗaya irin wannan. Ki rubuta sunaye uku, ki zaga shaguna ki duba Facebook da Instagram ki tabbatar ba wanda ya riga ki. Tare da sunan ki haɗa hoto ɗaya da launi ɗaya da ba za su riƙa sauyawa ba, saboda masu saye da yawa ba sa tsayawa karatu, cewa suke "mai jan murfi" ko "mai hoton turmi". Ki zuba yajin a roba mai ɗauke da tambarin, ki ajiye ta a kan kantar shago cikin sauran kaya, ki ja baya taku uku. In ba ki gane taki nan take ba, a sake zane.

A kan kuɗi kuma, ki yi lissafi a kan roba ɗaya. Misali, a ce roba da murfi da takardar manne sun ƙara miki naira 120, to farashin dole ya ɗauki wannan ya bar riba. Kada ki janye ƙullin leda rana ɗaya, masu sayen na ƙaramin kuɗi suna nan. Ki buga musu ƙaramar takarda mai suna da lambar waya a manna a ledar, robar kuma ta tafi manyan shaguna da masu kai tsaraba.

Tambaya: Ina da injin matsar man gyaɗa, kuma na yi wa sunan kasuwancina rajista a CAC. Yanzu na ga wani yana sayar da mai da suna kusan irin nawa, harafi ɗaya ya sauya. Takardar CAC ba ta isa in hana shi ba? (Wani mai injin mai daga Gusau)

Amsa: Alhaji, ba ta isa ba, kuma mutane da yawa suna cikin wannan ruɗu. CAC tana rajistar sunan kasuwanci ko kamfani, wato sunan da kake buɗe asusun banki da shi. Mallakar sunan da ke jikin galan kuwa aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja.

Ga yadda ake bi. Da farko a yi bincike a rajistar ko akwai suna irin naka ko mai kama da shi. In babu, a shigar da buƙata tare da hoton tambarin, yawanci ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi. Za a ba ka takardar shaidar karɓa, bayan an duba kuma a ba ka takardar amincewa. Daga nan a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai ƙalubalanta. In ba wanda ya fito, sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne rukuni. An kasa kaya da ayyuka rukuni 45, kuma rajista tana kare ka ne a rukunin da ka biya. Man gyaɗa da sauran man girki suna rukuni na 29, tare da nama, don haka kilishi ma nan yake. Yaji da garin masara suna na 30, sabulu da turare na 3, zobo da lemon kwalba na 32, tufafi na 25. In kana da niyyar fara sabulu da sunan nan, rajistar 29 ba ta rufe shi ba, sai ka shigar da wata. Ka kuma tabbatar sunanka ko na kamfaninka ne a takardun, kada ya zama na yaron da ka aika ko na wanda ya zana maka tambarin. Harafin R ɗin nan da ke cikin da'ira kuma ba a sa shi sai satifiket ya fito, sa shi kafin nan laifi ne.

Game da wanda ya kwaikwaye ka, ko ba rajista kana iya ƙararsa a kan yana sayar da kayansa da sunan naka ne, amma kai za ka kawo hujjar cewa an san ka da sunan tun kafin shi. Ka tattara tsofaffin rasitai masu kwanan wata, da takardun mai buga maka lakabi, da hotunan kaya, ka sayi galan ɗaya nasa ka karɓi rasit. Mafi gaggawa dai shi ne binciken, kada ya kasance ya riga ka shigar da takarda. Wannan rajista za ta kuma yi maka amfani a NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, domin suna neman shaidar mallakar suna kafin su ba da lamba.

Tambaya: Na buga wa sabulun ruwa da nake yi takardar manne guda dubu biyar, cikin wata biyu duk sun koɗe suna ɓanɓarewa. Ina matsalar take? (Wata matashiya daga Zariya)

Amsa: Malama, takarda aka buga miki, sabulu kuma yana zama a wurin ruwa. Kayan da ke jiƙa ko masu maiƙo suna son abin manne na roba, ko a ƙalla takardar da aka lulluɓe da siririyar leda. Ana mannawa ne a robar da ta bushe sarai, wadda ba ƙura ba santsin sabulu a jikinta. Kada ki sake buga dubbai kai tsaye. Ki karɓi ɗari, ki jiƙa ɗaya kwana uku, ki bar ɗaya a rana mako guda, ki ga yadda suka koma. Ki karɓi ainihin fayil ɗin zanen daga mai zane ki adana, domin hoton da aka tura ta WhatsApp yana dusashewa in aka faɗaɗa shi, launi kuma ya riƙa sauyawa daga bugu zuwa bugu.

Tunda za ki sake bugawa, ki bar gurbin lambar haɗi (wato lambar da ke bambanta kowane zubi da kika haɗa) da ranar yi da ranar ƙarewar aiki a riƙa buga su da hatimi, sannan a sa yawan abin da ke ciki, da kayan haɗi, da sunanki na kasuwanci da adireshi. Lambar NAFDAC kuwa kada ki ari ta kowa, ko da ta 'yar'uwa ce, kowace lamba ta kaya ɗaya ce.

Tambaya: Ina kai turaren wuta da humra daga Kano zuwa Maraɗi da Yamai. In na yi rajista a Abuja, ta kare ni a Nijar? (Wani ɗan kasuwa daga Jibiya)

Amsa: A'a, Malam, rajistar Abuja iyakarta Najeriya. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da ke rajistar alamun kasuwanci mai hedikwata a Yaounde, wadda rajista ɗaya a wajenta take aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin, kuma shekara 10 take yi kafin a sabunta. Najeriya da Ghana ba sa ciki. In cinikinka na can ya yi ƙarfi, ka yi ta da sunanka tun kafin dilanka na Maraɗi ya yi da nasa, domin in ya riga ka, shi doka za ta sani a matsayin mai sunan, har ya iya hana kayanka shiga. Lakabin da zai tsallaka iyaka kuma a sa masa bayani da Faransanci tare da Hausa, sunan da hoton da launin dai su zauna yadda aka san su a Kano.