Shin Japanawa ne suka nutsar da USS Serpens?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ne ya hallaka jirgin dakon kaya na sojin ruwan Amurka, USS Serpens, a Guadalcanal, ɗaya daga cikin tsibiran Solomon, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A'a. Da farko an yi zaton haka, amma a 1949 rundunar sojin ruwan Amurka ta yanke cewa ba harin abokan gaba ba ne. Jirgin ya tarwatse ne da daren 29 ga Janairu 1945 a gaɓar Lunga, ana tsakiyar yi masa lodin bama-baman da ake jefa wa jiragen ƙarƙashin ruwa. Mutum kusan 250 suka mutu, mafi yawansu jami'an tsaron gaɓar teku ne da ke tuƙa shi, sai sojojin ƙasa masu lodi. Biyu kacal suka tsira daga cikinsa. Kyaftin da wasu 'yan kaɗan suna tudu a lokacin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodi a tashar jiragen ruwa ya san yadda kaya ke lilo a ƙugiya, ana ihu ana gaggawa. To, a ce kayan nan bama-bamai ne, cikin dare, ba sai maƙiyi ya zo ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ana tuna fashewar, ana manta cewa tun 1943 jirgin yake jigilar kayan yaƙi tsakanin New Zealand, New Caledonia da tsibiran Solomon. Gawarwakin kuwa an mayar da su maƙabartar sojoji ta Arlington da ke Amurka a 1949, aka binne su wuri ɗaya.