Tambaya da Amsa: Gasa Kek, Ɗinkin Ado da Inda Riba Ke Zurarewa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga masu sana'ar hannu a cikin gida suka fito, waɗanda suka fara don sha'awa sannan oda ta fara shigowa. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ke nan ina gasa kek da biskit a gida, tun ina yi wa yarana har maƙwabta suka fara ba ni oda. Yanzu kusan kullum oben a kunne yake, amma duk ƙarshen wata sai na ranci kuɗi kafin in sake sayen kayan haɗi. Ina kuɗin ke tafiya? (Wata uwar gida)

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun kafin in ga littafinki, idan ma kina da shi, zan iya cewa farashinki daga bakin wata kika ɗauko shi. Haka akasarin masu farawa suke yi: su tambayi nawa wance take sayarwa, su rage kaɗan don jan kwastoma, alhali ba su san ko ita wancen riba take ci ko uwar kuɗi take cinyewa ba.

Farashin kek guda abu huɗu ne a haɗe. Na farko kayan haɗi, kuma a nan ina nufin har da abin da ido ke rainawa, wato takardar shimfiɗa a gwangwani, man da aka shafa, kwali, faifan da kek ke zama a kai, zaren ɗauri, da ƙwan da ya fashe a hanya. Na biyu kuɗin da ba ya bayyana a cikin kwano: gas ko lantarki, ruwa, sabulun wanke-wanke, kuɗin mota zuwa sayayya, katin waya, da tsufan kayan aiki, domin injin buga ƙwai da kika saya zai mutu wata rana, kuma kowane kek da ya buga ya kamata ya ajiye ɗan abin da za a sayi wani. Na uku ladan aikinki. Na huɗu riba, wadda ta sana'ar ce, da ita ake ƙara jari.

Na ukun ne mata suka fi mantawa da shi. Na taɓa zama a kicin ɗin wata ƙanwata da agogo a hannu, bayan ta rantse mini cewa awa biyu kek mai hawa biyu yake ɗaukarta. Awa biyun gaskiya ne idan haɗawa da gasawa kaɗai aka ƙirga. Da muka saka jiran ya huce, da buga kirim, da shafe shi sau biyu, da rubutun suna da ta goge ta sake, da wanke kwanuka takwas, da doguwar hirar waya da mai odar a kan kalar fure, sai ga mu mun haura awa biyar. Awa ukun da suka ƙaru kyauta take yin su, kuma kowane mako haka take yi. Ki ɗauki oda uku a jere ki rubuta lokacin farawa da na gamawa, ki yanke wa awarki kuɗin da za ki yarda ki karɓa da a ce wani kike yi wa aiki, sannan ki saka shi cikin farashi.

Akwai kuma wani tarko na lissafi. A ce duk abin da kek ya ci, har da ladanki, 100 ne, kika ɗora 25, kika sayar 125. Kina ganin ribarki kashi 25 cikin ɗari ce, amma a cikin kuɗin da ya shigo hannunki kashi 20 ce kawai. Idan wata ta matsa kika yi mata ragin kashi 20, kin cire 25 daga 125, kin koma 100 daidai, ba riba ko ƙwandala. Daga ƙarshe, ki raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane, ko da gwangwani biyu ne, kuma idan kika ɗebi sukarin sana'a don shayin gida ki rubuta shi kamar yadda za ki rubuta wa baƙo.

Tambaya: Anti barka da aiki. Haɗi ɗaya nake yi kullum, amma yau kek ya tashi da laushi, gobe ya yi tauri, jibi tsakiyarsa ta faɗa. Kwastoma ta fara ƙorafi. (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, ina kyautata zaton da kofi kike awo. Kofin fulawa da aka zuba da cokali aka share bakinsa yana kai wajen giram 120, amma wanda aka nutsa cikin buhu aka danna yana iya kai 150 ko fiye. A haɗin kofi uku, bambancin ya kusa giram ɗari, don haka ba haɗi ɗaya kike yi ba, ko da takardar ɗaya ce. Ki sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram kafin ki sayi wani sabon gwangwani. Ƙwai ma girmansa ba ɗaya ba ne. Babba idan an fasa yana kai kimanin giram 50, ƙarami bai kai ba. Shi ya sa tsohon haɗin nan da Faransawa ke kira kwata huɗu yake farawa da auna ƙwan, sannan a auna bota da sukari da fulawa kowanne daidai da nauyinsa.

Tauri yawanci daga yawan juyawa yake bayan an zuba fulawa, domin juyawa na tayar da danƙon alkama, wanda burodi ke buƙata amma kek ba ya so. Da zarar farin fulawa ya ɓace, ki ajiye muciya. Faɗawar tsakiya kuwa tana da dalilai uku da suka fi yawa: bakar hoda, wato hodar da ke sa kek tashi, ta yi yawa, kek ya yi saurin kumbura ya rasa abin da zai riƙe shi, ko an buɗe oben da wuri, kafin kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce, ko kuma an fitar da shi cikinsa bai nuna ba. Ƙaramin cokali ɗaya na bakar hoda ya ishi giram 120 na fulawa. Kada ki musanya ta da soda awo da awo, saboda soda ta ninka ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu, kuma ba ta aiki yadda ya kamata sai da abu mai tsami a cikin haɗin, kamar yogot ko ruwan lemon tsami. Idan kina shakkar bakar hodarki ta tsufa, ki zuba kaɗan a ruwan zafi. Idan ba ta yi kumfa nan take ba, ki zubar.

Abu na ƙarshe, lambar da ke jikin oben ba rantsuwa ba ce. Yawancin kek a digiri 180 na ma'aunin Celsius ake gasa su, a rage 20 idan oben mai fanka ne, amma oben da yawa suna nuna 180 cikinsu kuwa ya wuce ko bai kai ba. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki zai gaya miki gaskiya.

Tambaya: Malama, ni ɗinkin ado na hannu nake yi a kan riguna da matasan kujera. Duk wanda na faɗa wa farashi sai ya ce na inji ya fi araha. Sannan wani lokaci ƙyallen yakan tattare a gefen ɗinkin, jan zare kuma ya taɓa zuba a kan farin yadi bayan wanki. In bar na hannu in sayi inji? (Wani matashi)

Amsa: Ɗana, wannan gardama ta girme mu duka. Tun a 1828 wani mutumin Faransa mai suna Josué Heilmann ya ƙera injin ɗinkin ado a birnin Mulhouse, garin da kamfanin zare na DMC ya samo asali a 1746, kuma kusan shekara ɗari biyu bayan haka ɗinkin hannu bai mutu ba. Injin zamani yana sara ɗaruruwan ɗinki a minti guda, don haka idan ka ce za ka yi gasar araha da shi, ka faɗi tun kafin a fara. Wanda ya ce maka na inji ya fi araha gaskiya ya faɗa, sai dai ba kwastomanka ba ne. Naka shi ne mai son abin da babu irinsa biyu: sunan jariri, zanen da ya kawo da kansa, gyaran tsohuwar riga mai daraja a wurinsa.

Don yanke farashi, ka zana murabba'i mai santimita biyar kowane gefe, ka cike shi da irin ɗinkin da ka fi yi, ka duba agogo, ka kuma auna zaren da ya ci. Da wannan za ka iya ƙiyasta kowane zane kafin ka buɗe baki, maimakon ka yi alkawari sannan ka kwana uku kana da-na-sani. Cikon ɗinki mai santsi yana cin lokaci da zare fiye da ɗinkin layi nesa ba kusa ba, don haka ka riƙa ba kwastoma zaɓi biyu da farashi biyu.

Tattarewar ƙyalle daga jan zare da ƙarfi take, ko daga ƙyallen da bai ɗaure sosai a cikin zoben katako ba. Ya kamata ya miƙe har idan ka buga shi da yatsa ka ji yana amsawa kamar fatar ganga, in ban da yadi mai talewa, wanda shi ba a ja masa, sai dai a manna masa abin tallafi ta baya. Ka wanke yadin auduga kafin ka fara, domin idan ya tsuke bayan ɗinki, zaren ba zai tsuke tare da shi ba. Zaren auduga na ado sili shida ne a murɗe, kuma mafi yawan aiki mai kyau da sili biyu ko uku ake yin sa. Ka zaro su ɗaya bayan ɗaya ka sake jera su, za su fi kwanciya. Game da zuba, ka jiƙa guntun zaren ka danna shi a kan farin ƙyalle kafin ka yi amfani da shi, musamman ja da baƙi da shuɗi mai duhu. Ka kuma rubuta lambar kowace kala a littafi, ka sayi abin da zai ishi aikin gaba ɗaya lokaci guda, saboda rini yakan ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi.

Inji sana'a ce ta daban, mai buƙatar jari da koyon tsara zane a kwamfuta da oda mai yawa iri ɗaya, kamar tambarin makaranta ko na kamfani. Idan irin wannan odar ce ke zuwa maka kana mayarwa, ka saya. Idan haushin masu taya maka da rahusa ne kawai, inji ba zai raba ka da su ba. Kuma ko da hannu ko da inji, ka guji ɗinka tambarin manyan kamfanoni da hotunan katun don sayarwa ba tare da izini ba, domin suna da masu su a doka, kuma shafukan sayarwa irin su Etsy suna sauke irin waɗannan kaya idan masu haƙƙi suka kai ƙara.

Tambaya: Anti, dangi da ƙawaye su ne rabin kwastomomina, kuma su ne ba sa biya. Wata ta sa na yi kek ɗin biki sannan ta ce ta fasa. Ina jin nauyin yin magana. (Wata amarya)

Amsa: Ƙanwata, ki sa ƙa'ida ta yi magana a madadinki. Babu odar da za ta shiga littafi sai da kafin alƙalami, rabin kuɗi ko aƙalla abin da zai biya kayan haɗi, kuma ki faɗa tun farko cewa ba a mayar da shi idan an fasa bayan kin yi sayayya. Ki tura wa mai oda saƙo a rubuce mai ɗauke da girma, kala, rubutun da za a yi, rana da kuɗi, ta amsa da "na yarda". Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba da damar jera kaya da farashinsu, kuma farashin da ke rubuce a fili ya fi wuyar tayawa fiye da wanda aka faɗa da baki cikin kunya. Idan kina son yi wa 'yar'uwa alheri, ki yi mata kyauta ki ce kyauta ce, ki rubuta kuɗin a matsayin abin da ya fita daga aljihunki. Wannan ya fi miki kwanciyar hankali a kan bashin da ke kin san ba za a biya ba, ita ma ta sani.

Tambaya: Hajiya, ina so in fara kek mai ɗanyen kirim da 'ya'yan itace domin su ake yayi, amma firjina ba abin dogaro ba ne. Me kike gani? (Wata mai karatu)

Amsa: 'Yar'uwa, ki dakata tukuna. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a bar dafaffen abinci a zafin ɗaki fiye da awa biyu, abin da ke saurin lalacewa kuma a ajiye shi ƙasa da digiri 5. Ɗanyen kirim da kastad da yankakkun 'ya'yan itace duk suna cikin wannan rukuni, kuma awa biyun ta haɗa da lokacin kwalliya da na hanya da na zaman kek a kan tebur kafin a yanka. Biskit da busasshen kek da kirim ɗin bota da sukari sun fi jure zama, da su ya kamata ki gina suna har ki samu sanyin da za ki amince da shi. Ko a su ɗin, ki manna takarda a kwali mai nuna ranar gashi da abin da ke ciki, musamman gyaɗa, ƙwai, madara da alkama, saboda akwai waɗanda ɗan kaɗan daga cikinsu ke kai su asibiti. Ki kuma tuntuɓi hukumar da ke kula da abinci a inda kike kafin ki fara kai kaya shaguna, domin dokar sayar da abincin gida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.