Sabunta kuɗin PIP na mai farfaɗiya: kada ki rubuta musu "da sauƙi"

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila ta rubuto game da PIP, kuɗin tallafin da gwamnatin Birtaniya ke bai wa masu nakasa ko ciwo mai daɗewa: "Barista, ɗana mai shekara 24 yana fama da farfaɗiya tun yana ƙarami. Shekara uku ke nan yana karɓar PIP, yanzu sun aiko da fom za su sake duba lamarinsa. Ciwon ya ɗan lafa, sau biyu ko uku yake tashi a wata. Ina tsoron su yanke masa. Kuma muna son zuwa Kano bikin ƙanwata. Me zan yi?"

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki bisa ɗawainiyar da kike yi.

Fara da ranar da ke jikin wasiƙar. Wata ɗaya DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho mai biyan PIP, take bayarwa a mayar da wannan fom, wanda suke kira AR1. In lokacin ya yi miki kaɗan, a buga waya kafin ranar a nemi ƙari, sukan bayar. Muddin fom ya koma a kan lokaci, kuɗin za su ci gaba da shiga har a yanke hukunci. In aka bar shi a cikin durowa ranar ta wuce, suna iya dakatar da biya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wannan "ya ɗan lafa". Mu tarbiyyarmu ce, a tambaye ka ya jiki ka ce da sauƙi alhamdu lillahi, ko da daren jiya ba ka runtsa ba. Farfaɗiya kuma ciwo ne da iyalai da yawa suka saba rufawa saboda surutun mutane da maganar aure. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma jami'in da zai karanta fom ɗin abin da ke rubuce kawai zai gani. PIP ba sunan cuta ake biya ba, maki ake bayarwa bisa ayyuka 12: guda 10 na rayuwar yau da kullum, 2 na zirga-zirga. Maki 8 a kowane ɓangare yana kawo ƙaramin kaso, 12 babban kaso.

Dokar PIP ta 2013 ta ce ba za a ɗauka mutum yana iya wani aiki ba sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, da kyau, a kai a kai, kuma cikin lokacin da bai ninka na mai lafiya fiye da biyu ba. A watan Maris na 2017, alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara ta Upper Tribunal suka yi hukunci a shari'ar da ake kira RJ, wadda ta shafi farfaɗiya kai tsaye. Kafin nan DWP takan ce tunda ciwon ba ya tashi a mafi yawan kwanaki, babu maki. Kotu ta ce a duba ko akwai yiwuwar cutuwa ta gaske da ba za a iya kau da kai daga gare ta ba, a auna ta da munin abin da zai faru in ta auku. Ke nan ciwon da ke tashi sau biyu a wata ba tare da sanarwa ba, haɗarinsa yana nan kullum da ɗanki ya tsaya gaban tukunyar mai mai tafasa ko ya shiga bahon wanka.

Don haka ki rubuta abin da idonki ya gani. Ki ce ba ya kunna murhu sai kina tsaye a kicin, domin buƙatar mai sa ido wajen girki maki 4 ne. Ki ce ba ya kulle ƙofar banɗaki, kina zaune a bakin ƙofa kina sauraron motsin ruwa. Wannan maki 2 ne. In ba ya iya bin hanyar da bai sani ba sai da ɗan rakiya, maki 10 ne, in har hanyar da ya saba ma haka ne, 12. Ki faɗi abin da ke biyo bayan faɗuwa: harshen da ya cije, fitsarin da ya kufce, awannin da yake yi a ruɗe bai san inda yake ba. In kuwa yana jin alama tun da wuri har ya samu ya zauna, wannan ma a faɗa, gaskiya ake so, sai a bayyana sau nawa alamar ba ta zuwa. Ki soma rubuta ranar kowace faɗuwa a littafi daga yau, ki haɗa da wasiƙar likitan ƙwaƙwalwa ko nas ɗin farfaɗiya da jerin magunguna. Kwafi za ki aika, ki riƙe na asali. In an kira shi tantancewa ki raka shi, kuma kuna da damar neman tafinta.

Tunda ya kai shekarun girma, shi zai sa hannu, sai dai in DWP ta naɗa ki wakiliyarsa a hukumance.

In hukunci ya zo ba daɗi, kuna da wata ɗaya daga ranar wasiƙar ku nemi su sake dubawa, abin da suke kira mandatory reconsideration. In sun tsaya a kan bakansu, sai ƙara a gaban kotun First-tier Tribunal da fom SSCS1, shi ma cikin wata ɗaya. Kyauta ne, alƙali da likita da masanin nakasa ne ke zama, kuma fiye da rabin waɗanda ake sauraron ƙararsu suna yin nasara. Sai dai kotun tana iya duba dukan kason, har ta rage, don haka ki je Citizens Advice, ofishin ba da shawara kyauta, ko ki kira ƙungiyar Epilepsy Action kafin ki shigar. In kina karɓar Carer's Allowance, wato alawus ɗin mai kula da mara lafiya, ki sani ya rataya ne a kan ɓangaren rayuwar yau da kullum na PIP ɗinsa. In wancan ya faɗi, naki ma ya faɗi.

Batun Kano: ana ci gaba da biyan PIP har mako 13 ga wanda ya fita ƙasar na ɗan lokaci, amma in tafiyar za ta wuce mako 4 dole a sanar da DWP. Ki mayar da fom kafin ku tashi, ki gaya musu ranar tafiya da ta dawowa don kada su sa ranar tantancewa kuna can, ki kuma ɗebar masa maganin da zai ishe shi har ku dawo.