Cikina ya kai sati 35, an ce ɗan a zaune yake

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali?

Ni matar aure ce, shekarata 29, ina zaune a Zariya. Wannan ne cikina na uku. Biyun farko a gida na haife su lafiya lau, ungozoma kawai aka kira ta yanke cibiya. Yanzu cikin ya kai sati 35. Da na je awo, malamar asibiti ta lalluba cikin ta ce ba ta gamsu da kwanciyar ɗan ba, ta tura ni hoto. Hoton ya nuna kansa yana sama, mazaunansa ne a ƙasa. Likita ya ce in dawo bayan sati biyu, in bai juya ba za a san abin yi, har ya ambaci tiyata.

Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Surukata ta ce a danginsu ba a taɓa yanka cikin mace ba, kuma akwai wata tsohuwa a unguwarsu mai murza ciki da man shanu har ɗa ya juya, za ta kai ni wurinta. Maigidana bai ce in je ba, bai kuma hana ba, na san kuɗin aikin ne ke cin ransa. Ni tsorona biyu ne: kada in rasa ɗan, kada kuma a yi mini aiki a ce haihuwa ta ƙare mini. Anti, in bi Hajiya wurin tsohuwar? Kuma dole ne sai an yi aikin?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya sauke ki lafiya.

Kada ki je wurin tsohuwar. Ban ce tana da mugun nufi ba, amma hannunta ba ya ganin inda mabiya take, ba ya ganin ko cibiya ta naɗe ɗan. Murza ciki da ƙarfi na iya ɓamɓare mabiya daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle daga ciki, ko faya ta fashe kafin lokaci. In haka ta faru a ɗakinta, babu abin da za a ceci ɗan da shi.

Ki kuma kwantar da hankalinki, lokaci bai ƙure ba. A wata na bakwai kusan ɗa 1 cikin 5 a zaune yake, amma zuwa lokacin haihuwa 3 ko 4 cikin 100 ne kawai ke saura a haka. Macen da ta taɓa haihuwa irinki, mahaifarta ta fi sakewa, ɗanta na iya juyawa da kansa ko a makonnin ƙarshe. Ba aikin gida ba ne ya jawo, ba kwanciyarki ba ce, ba kuma wani abu kika ci ba. Wani lokaci yawan ruwa ko ƙarancinsa ne, ko ƙari a jikin mahaifa, ko mabiya ta sauko ƙasa, sau da yawa kuma ba a samun dalili.

Abin da Hajiya ke so, wato a juya ɗan ba tare da wuƙa ba, ana yin sa a asibiti, kuma wannan ita ce hanyar da za ki bi ki shawo kanta. Daga sati 36 ga mai cikin fari, sati 37 ga irinki, ƙwararren likita kan ɗora hannuwansa a kan ciki ya tura ɗan a hankali har kansa ya koma ƙasa. Kafin ya taɓa ki sai an yi hoto, an saurari bugun zuciyar ɗan, sau da yawa a yi allurar da ke sassauta mahaifa, kuma ɗakin tiyata na kusa. Kusan rabin waɗanda aka gwada wa ana dacewa, masu haihuwa a baya sun fi dacewa. Akwai ɗan zafi, kuma kusan mace 1 cikin 200 kan buƙaci aikin gaggawa a take, shi ya sa ba a yin sa a ko'ina. Ba a yi wa mai zubar jini, ko wadda fayarta ta fashe, ko wadda mabiya ta tare mata hanya. Idan rukunin jininki nagetif ne ki faɗa musu, akwai allurar da za a yi miki. Ba kowane asibiti ke da mai wannan ƙwarewa ba, don haka ki tambaya da bakinki, in babu ki nemi takardar tura ki Asibitin Koyarwa na Shika.

In bai juya ba, hanya biyu ce ta rage, kuma babu haihuwar gida a cikinsu. Ina so ki riƙe wannan da kyau, domin haihuwa biyu da kika yi cikin sauƙi za ta sa kowa ya ce miki ba komai. A haihuwar da kika sani, kai ne ke fara fitowa, shi ne mafi girma, yana buɗa hanya sauran jiki ya biyo. Ɗan da ya zo a zaune jikinsa kan fito, kan ya maƙale, cibiya ta matse, numfashinsa ya yanke cikin 'yan mintoci. In wanda ke wurin ya firgita ya ja ƙafafun, hannuwan ɗan su miƙe sama, abin ya ƙara cakuɗewa.

Duk da haka ana haihuwar irin wannan ɗan da kai a asibiti, in sharuɗɗa sun cika: nauyinsa matsakaici, mazaunai ne a gaba ba ƙafa ba, kansa a sunkuye, naƙuda na tafiya da kanta, ga likita ko ungozomar da ta saba karɓar irin haihuwar. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2000, kan mata sama da 2,000 a ƙasashe 26, ya nuna jariran da aka shirya ciro su ta tiyata sun fi tsira daga mutuwa ko mummunan rauni lokacin haihuwa. Tun daga nan likitoci da yawa suka karkata ga tiyata. Ita ma tana da nata nauyin a kan uwa: zubar jini, ciwon da kan iya ruɓewa, jinya mai tsawo, da tabo a mahaifa. Amma aikin da aka tsara, wanda akan yi a sati 39, ya fi wanda ake yi a guje bayan an sha wahalar naƙuda aminci nesa ba kusa ba. Ni dai in likitanki ya duba hoton ya ce aiki, to ki yarda.

Batun cewa haihuwa ta ƙare, ba haka ba ne. Mata da yawa sun haihu da kansu bayan aiki ɗaya, kusan 3 cikin 4 na masu gwadawa, kuma wadda ta taɓa haihuwa da kanta ta fi kowa damar hakan. Sharaɗin shi ne ki ba da tazara ta kamar shekara biyu, kuma duk haihuwar gaba a asibiti. Maganar cewa mai tiyata raguwa ce kuwa tana ɓata mini rai matuƙa, domin kunyar wannan magana ta zaunar da mata a gida har suka rasa 'ya'ya, wasu suka tashi da yoyon fitsari.

Kada ki yi jayayya da Hajiya. Ki roƙi maigidanki ya raka ki awo na gaba ya ji da kunnensa, shi ne zai fahimtar da mahaifiyarsa cikin ladabi, in ta yarda ma a tafi da ita. Kan kuɗi, a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, sai maigidanki ya tambaya ko naku na ciki. Ko yaya ne ya fara tanadi, ya nemi mutum biyu da za su ba da jini, ya kuma yi magana da mai motar da za a iya tasa ko da tsakar dare.

Daga yau, in naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko kika ga jini, ko motsin ɗan ya ragu, ki tafi asibiti nan take, kada ki jira gari ya waye. In kika ji ko kika ga cibiya ta leƙo, kada ki tura ta ciki. Ki durƙusa, ƙirjinki a ƙasa, ƙugunki a sama, har mota ta zo, a cikin motar kuma ki kwanta ta gefen hagu, a sa matashi a ƙarƙashin ƙugunki. Bayan kin sauka kuma ki tuna wa likita ya duba ƙugun jaririn, domin gocewar ƙashin ƙugu ta fi samun waɗanda suka daɗe a zaune, kuma tana gyaruwa in an gano ta da wuri.